Neman shawara: albashin shef de proje, Duwala ko Abeshe ko in zauna Garwa?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu aikin proje ku ba ni shawara. Ni mataimakin shef de proje ne, wato shugaban aiki, a wata ONG (ƙungiyar agaji mai zaman kanta) nan Garwa, muna aikin rijiyoyi da foraj a ƙauyuka, abin da ke shiga hannuna 450,000 sefa a wata. Yanzu ƙofa biyu ta buɗe, wani kamfanin gini a Duwala ya ce 700,000 brut, wato kafin a cire haraji, kuma CDI ne, kwantiragi marar wa'adi, sai wata ONG a Abeshe cikin Cadi ta ce 900,000 amma kwantiragin shekara 1. Ina da iyali yara 3, mahaifiyata ma tana wurina. Abin da ya ɗaure min kai aiki iri ɗaya ne amma kowane gari da kuɗinsa, shin haka abin yake ko ana ƙwarata ne a nan?

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa fara raba brut da net, wato abin da zai shiga hannunka, tukunna. A 700,000 ɗin nan CNPS, asusun fansho, za ta cire 4.2%, wato 29,400, ga harajin albashi IRPP mai hawa daga 10% har 35% da ƙarin kason komin (ƙaramar hukuma) a kansa, ga 1% na Crédit Foncier, bankin gidaje, ga kuɗin gidan rediyo da talabijin CRTV, in ka lissafa wajen 570,000 zai rage maka. To bambancin da Garwa 120,000 ne fa, kuma a Duwala mai gida sai ya nemi hayar watanni da yawa a dunƙule kafin ya ba ka makulli, ga kuɗin mota kullum ga lekol ɗin yara. Hayar da kake biya a Garwa ka samu gida da tsakar gida, can ɗaki biyu ma da ƙyar. Abin da ke jan hankali a Duwala CDI ne kawai, wannan kam ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Maman Sadik:
Ƙanena ni na yi aikin kuɗi a ONG na daɗe, bari in gaya maka abin da na gani da idona. Ba garin ne ke yanke albashi ba, mai ba da kuɗin proje ne da grille, wato jadawalin albashin ƙungiyar. Akwai lokacin da muke ofis ɗaya da wasu shef biyu, tebur kusa da tebur, ɗaya projensa kuɗin Tarayyar Turai ne ɗayan kuma ƙaramar gidauniya, wlh takardar albashinsu ba ya ko kama da juna. Abin da gari ke ƙarawa shi ne firim, wato alawus, na hatsari da na nisa. Shi ya sa tun da Boko Haram ta shigo jihar Extrême-Nord aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, masu aiki Mora da Mokolo da Kusiri suka fi na Garwa samu, Garwa lafiya lau take ba wanda zai biya ka kuɗin hatsari. Gabashin Cadi ma haka ne, tun yaƙin Sudan na Afrilu 2023 'yan gudun hijira suka cika Adre da Farshana, ƙungiyoyi suna neman ma'aikata ido rufe. Amma kuɗin gaggawa yadda ya zo da sauri haka yake tafiya, ka ga dai yadda aka sallami mutane a 2025 da Amurka ta tsayar da kuɗin hukumarta ta agaji USAID, wasu tsakiyar kwantiragi suke. Abin ya taɓa ni sosai don akwai waɗanda suka ci bashin banki a kan albashin nan.

Na Injamena:
Malam kafin komai tambaye su a wane matsayi za su ɗauke ka, nasyonal, wato kamar ɗan ƙasa, ko ɗan waje? Kai ɗan Kamaru ne, shiga Cadi ba biza saboda ƙungiyar ƙasashe ta CEMAC amma aiki sai da izinin ONAPE, ofishin samar da aiki na Cadi, masu ɗaukarka ne ya kamata su nemo maka. In ɗan waje ne to masauki da inshorar lafiya da tikitin hutu suna kansu, 900,000 ɗin kusan duka za ka iya ajiyewa. In kuwa nasyonal ne komai daga aljihunka, kuma Abeshe akwai wahalar ruwa, a jarka ake saye, kayan masarufi da yawa daga nesa suke zuwa. Kuma sai kana ɗan jin Larabcin Cadi, Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba a filin aiki.

Injiniya:
Ni dai Duwala zan ce. Shekara 1 kamar gobe ce. A kamfani in ka kammala aikin gini biyu uku sunanka ya fita, in ka haɗa da takardar PMP ta ƙwarewar gudanar da proje kuma sai ka nemi ƙari da bakinka.

Hajiya Maman Sadik:
Injiniya ka yi gaskiya amma ka tuna da tsohuwa. Daga Duwala in ta ƙasa ce sai ya bi Yawunde ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere sannan ya hau mota zuwa Garwa, in ciwo ya tashi da dare fa? Ƙanena kai wannan takardar ta Abeshe ka nuna wa shugabanka na yanzu, ka ce a ba ka muƙamin shef cikakke, sau da yawa sai sun ga za ka tafi suke motsawa.

Baban Iman:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na duba takardar Abeshe yanzu, ba su rubuta nasyonal ko ɗan waje ba, kuma ba su ce brut ne ko net ba. Gobe in sha Allah zan rubuta musu. Yaya Na Injamena, in suka ce nasyonal ne, shekarun da na zuba a CNPS ta Kamaru za a haɗa min da na Cadi ko sai na bi da kaina?

Na Injamena:
Je ofishin CNPS na Garwa da lambarka ka karɓi takardar lissafin abin da aka zuba maka tun farko, ka tambaye su wannan maganar baki da baki kafin ka sa hannu a komai.