Neman kalma: aikin da ake yi wa haƙori don kada a cire shi

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar za a yi faɗakarwa kan lafiyar haƙori a unguwarmu, ni aka ba takardar likita in mayar Hausa kafin gobe. Na cije a kan "root canal". Ku taimaka.

Nas ta Idi-Araba: Mu dai "kashe jijiya" muke ce wa marasa lafiya. Ana allurar kashe zafi, a huda haƙorin, a kwashe naman ciki da ya ruɓe, mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Sai a goge ramukan saiwar da wasu siraran ƙarafa, a wanke, a toshe da wani abu kamar roba, daga baya a sa masa hula. Haƙorin gaba galibi rami ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu.

Ɗan Agege: Anti, "kashe" ɗin nan nake gudu. Da shi aka yi wa mahaifiyata bayani, ta dafe kunci ta ce a'a, a cire kawai. Yau da gefe guda take tauna nama, abin yana damuna.

Malam na Alaba Rago: Yasar haƙori! Kamar yadda ake yasar rijiya, a kwashe laka a bar rijiyar. Magana ta ƙare.

Ɗan Obalende: Malam, a kasuwa in an ce an yashe mutum, ai sata ce. Kuma wa ya taɓa yashe rijiya ya cike ta? A rubuta "rut kanal" mana. Likita da asibiti ma aro ne.

Malam na Alaba Rago: Ka ji Hausar Legas. Kakanninmu sun ari kalma ne in babu, ku kuwa don lalaci.

Ɗan Obalende: A nan aka haife ni, aka haifi babana, ba mu yar da Hausa ba. Kada a raina mu, Malam.

Nas ta Idi-Araba: Don Allah ku bari, bawan Allah gobe zai miƙa aiki. "Wankin saiwar haƙori" fa? Bai faɗi toshewar ba, amma ba zai kori kowa ba.

Malam na Alaba Rago: Ya yi tsawo. Sai ka ce kayan wanki.

Ɗan Agege: Shi zan sa, da layi guda a ƙasa: ana cire ruɓaɓɓen ciki, a toshe, haƙorinka na nan.

Malam na Alaba Rago: To, sa. Ni dai in na tashi magana ranar Asabar, yasa zan ce.