Mubarak za shi Misra karatu, waɗanda kunka taɓa hita ku ba shi shawara

Mubarak: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamdu lillahi biza ta hito jiya, in Allah ya so ƙarshen watan ga za ni Misra karatu Azhar. Ni dai iyakata Kano, ita ma sau biyu, sai Ƙwanni da munka tai biki ina yaro, ban taɓa shiga jirgi ba. Don Allah yayyena ku gaya min abin da zan riƙa da wanda zan bari. Inna tun shekaranjiya take haɗa kaya kamar mai kai amarya, ɗakin duk ya cika da ledoji

Usman Kara: Kai masha Allahu ɗan Mabera za a ci ƙasar Fir'auna hhhh. Allah shi sa albarka. Ni tahiyata ba ta wuce Yamai da Maraɗi, a jira manya su zo

Malam Sani: Barakallahu fika. Allah shi ba da ilimi mai amfani. Bashiru ina kake, ga ƙanenka

Yaya Bashir: Ga ni Malam. Mubarak barka, na ji daɗi wallahi. Shekara 4 niy yi Alƙahira, bari in hwara da abin da ba wanda yag gaya min. Sanyi. Mu Sakkwatawa muna jin an ce ƙasar Larabawa sai mu ɗauka zahi na irin namu na watan 4, to ni watan 12 nis sauka da kaftani ɗaya na shadda da silifa, ina hitowa daga cikin jirgi iska ya buge ni sai da haƙorana sunka riƙa haɗuwa. Dare yana sauka zuwa digiri 9 ko 10, ka ce ai ba wani abu ba na, amma gidajensu tayil na ƙasa kuma babu abin ɗumama ɗaki, ruwan alwalar asuba kamar an hiddo shi daga firij, hunturunmu na nan wasa na. Ka riƙa rigar sanyi guda mai kauri da safa da takalmi rufaffe a jikinka, sauran kada ka saye nan. In ka isa a kai ka Wikalatul Balah, kasuwar gwanjo ta, jaket da bargo duk akwai da sauƙi

Mubarak: To Yaya. Ashe barguna biyun da Inna tas sa a hidda su

Yaya Bashir: Hidda su, kilo kawai za su ci ma

Anti Hadiza: Ƙanena barka da arziki. Ni maganar takardu zan yi don a kansu na ga tashin hankali da idona. Ina Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Asabar ce muna cikin azumi, mun tashi da niyyar wanki sai ƙarar harbi. Da aka ce a fito ga motocin kwasar ɗalibai ba wanda ya tsaya akwati, ni ƙaramar jakar da nake ratayawa kawai na sura, kuma Allah ya taimake ni fasfo ɗina da takardun sakandare na asali da katin allura duk suna ciki don haka Babanmu ya hore ni tun ranar da zan tafi. Wata ƙawata nata suna ƙasan akwati a ɗakin da ba ta iya komawa ba, kwanakin da muka yi zube a kan iyakar Misra cikin rana kuka kawai take, sai farkon watan Mayu aka kwaso mu daga Aswan zuwa Abuja. Har yau ba ta gama haɗa takardunta ba. Saboda haka ka samu jaka ƙarama guda ta takardu kaɗai, ko bayi za ka shiga a filin jirgi tana wuyanka. Ka yi fotokwafin komi kala uku uku, ka bar ɗaya wurin Inna, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka a imel. Hoton fasfo mai farin baya ka wanko da yawa, kamar 20, kowane ofis sai ya nema

Yaya Bashir: Gaskiya ta Anti. Kuma takardun makarantarka ka tabbata an buga musu hatimi Abuja, ma'aikatar ilimi, sannan ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin Misra. In ka zo ba hatimin ga aikin mu'adala, wato daidaita takardunka da nasu, ba shi tahiya, sai ka koma aiko su gida

Mubarak: An yi wannan Yaya, Kawu ya kai su da kainai. Katin allura na ban yi ba tukuna

Anti Hadiza: Kai Mubarak! Maza gobe. Allurar shawara sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, in ka bari sai ana gobe tafiya ka jawo wa kanka magana. Sau ɗaya ake yin ta, ta ishe ka har abada

Dr Zainab: Slm. Na shigo a makare muna tiyata. Ni Indiya na yi, Bangalo, amma abin da zan faɗa ko ina ne. Kada ka karɓi saƙon kowa. Kowa fa. Ranar da zan tafi karo na biyu muna layin awon kaya wata dattijuwa da carbinta ta matso ta ce ɗiyata ga ɗan ƙunshin magani ki kai wa jikana, kunya ta kama ni har na miƙa hannu, yayana da ya rako ni ya ce Hajiya a buɗe mu gani, sai ta ce bari ta kira mai shi, ba mu sake ganinta ba. Ban san me ke ciki ba kuma ba na son sani. In an kama abu a jakarka naka ne, ba mai sauraron wai ba ni aka yi. Ko ɗan unguwa ya kawo saƙo gida a kwance shi gaban Inna a duba. Kuma magunguna, tramadol a Misra ɗauri ne kai tsaye, kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga kayanka. Parasitamol da maganin maleriya kwali ɗaya ko biyu cikin kwalinsu ya isa, na maleriyar kam ka riƙa don tana iya tashi bayan ka isa kuma can ba su saba ganinta ba

Usman Kara: Likita ta gama magana. Amma ni a bar yaro shi tai da kilishi don Allah, mutum shi bar Sakkwato ba kilishi ba yaji ai an cuce shi

Dr Zainab: Alhaji Usman nama ana iya ƙwace shi a filin jirgi, asara ce kawai

Usman Kara: To shi cinye a hanya, awa nawa ta

Yaya Bashir: Hhhh daga Kano awa huɗu da ɗan wani abu in jirgin kai tsaye na. Kilishi kaɗan na cin hanya ba laihi. Abin da za ka yi kewa da gaske kayan miya na: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin ɗanwake, kanwa 'yar kaɗan. Duk busassu, a ɗaure leda biyu biyu a rubuta sunan kowane a jiki. Daddawa kam leda huɗu, in ba haka ba duk tufafinka sai sun ɗauka. Shinkafa da taliya da wake da albasa kada ka wahal da kanka, sun hi mu arhar su. Manja da man shanu kuwa in gaya maka abin da yaf faru da ni. Gwaggona ta cika min gorar ruwa da man shanu soyayye ta ce ba a zuwa baƙon wuri ba shi, nis saka tsakiyar akwati, da munka isa nib buɗe, murhin ya kwance, fararen kayana kala uku na zuwa Juma'a da littattafan da Malam Sani yab ba ni duk sun sha mai, wata guda ɗakinmu na ƙamshin tuwon biki, 'yan Indunusiya da muke zaune tare suna ta tambaya wane irin turare na wanga

Malam Sani: Ashe abin da yac ci littattafaina ke nan, shekara nawa sai yau nij ji

Yaya Bashir: A gafarce ni Malam hhhh

Mubarak: Wallahi akwai gora biyu cikin kayan yanzu haka

Anti Hadiza: A bar su gida. In ta matsa a juye a roba mai murfin murɗawa a naɗe da salatif, kuma cikin babban akwati, jakar hannu ba a barin ruwa ko mai da ya wuce mil 100. Fawa banki kuma akasin haka, shi a jakar hannu yake tafiya. Ka sayi adafta ma, soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba

Aliyu Arkilla: Ni tambaya gare ni a madadinai, ta Kano za shi tashi ko ta Abuja? Don in ta Kano na kada shi kuskura shi bar Sakkwato ranar tahiya. Shi tashi da sassahe kwana biyu kahin, a wuce Mafara da Gusau da Tsahe da rana tsaka, kowa ya san halin hanyag ga, shi kwana Kano hankali kwance. In akwai hali ma shi hau jirgi nan filin Sultan Abubakar zuwa Abuja, kamar awa guda ta

Mubarak: Ta Kano na Yaya Aliyu, Kawu zai raka ni

Yaya Bashir: Madalla. Sai maganar harshe, nan na ido ka raina fata. Ni da nike ganin na sha nahawu zaure, nit tare mai tasi nic ce mishi uridu an azhaba ila Madinati Nasr, wato ina son zuwa unguwar Madinatu Nasr, da wasulla cikakku, mutumin ya dube ni ya ce sadaƙallahul azim, shi da yaronai suna ta dariya. Larabcin titi daban na, ammiyya suka ce mata. Jimun ta koma ga, ƙaf ta ɓace, ƙahwa sai ka ji ahwa. Ka riƙe waɗanga tun yanzu: ayiz ina so, bikam nawa, fen ina, mafish babu, in za ka sauka ƙaramar bas ka ce ala gamb. Sai bukra, wato gobe, wadda za ka ji har ka gaji wurin neman iƙama, wato takardar izinin zama ƙasar, ka tai da asuba ka bi layi a ce bukra, ka koma a ce bukra, kada ka yi hushi kada ka ɗaga murya, kuma kada ka bari ta ƙare ba ka hwara neman sabuwa ba don tara suka ci. Makaranta za su yi ma jarrabawar tantance matakin Larabci, in sun ce ka zauna markaz na lugga, wato cibiyar koyon Larabci, wasu watanni kada ka ji an raina ka, ni can nis samu abokan da har yau muna waya

Dr Zainab: Yaya Bashir ka gaya masa maganar fata ma, gara ya ji daga bakinmu

Yaya Bashir: Awo. Yara kan titi za su kira ka samara ko shokolata, wato baƙi ko cakulan, wani babba ma shi yi. Ranar hwarko da anka yi min ban ci abinci ba don baƙin ciki. Ka wuce abinka, faɗa da ɗan gari kai ka kwana ciki. Kuma cikinsu akwai mutanen kirki ƙwarai, mai gidan da munka haya tsohuwa ta, in ta yi mahshi sai ta aiko muna, da azumi kuwa tebura suka jerawa bakin titi, ma'idatur Rahman, kowa shi zauna shi sha ruwa kyauta ba mai tambayar daga ina kake. Abin da yaf fi yi min ciwo ba su ba na, sallar hwarko ta, an sauko idi kowa ya shige gida, ba hawan Sarkin Musulmi ba yara da sabbin kaya gida gida, nik koma ɗaki nik kira Inna muna gaisawa sai murya ta ƙi hita. Don haka kada ka zauna kai ɗaya, ka nemi 'yan ƙungiyar ɗaliban Najeriya tun satin hwarko, unguwannin Hayyul Ashir da Darrasa duk akwai namu

Malam Sani: Mubarak ka ji. Ni nawa guda biyu na. Karatun aji daban, na ruwaƙan masallacin Azhar, wato zaurukan karatunai, daban, kyauta a ka yin shi tun sahe, ka nemi malami guda ka lizimce shi kamar yadda kaka yi nan zaure. Kuma ka sani ba kai na hwarko ba, tun zamanin sarakunan Borno mutanen ƙasag ga ad da masauki Alƙahira don karatu, Imamu Suyuɗi da malamanmu ka yawan ambato can yake kwance, shi da Imamu Shafi'i, ka ziyarce su. Bayan masallacin akwai lungun masu littattafai Darbul Atrak, sannan ƙarshen Janairu a ka buɗe babbar kasuwar baje kolin littattafai. In lokacin ya yi zan aiko ma da sunayen da nika so, a biya ni bashin Bashiru

Usman Kara: Hhhhh Malam bai yahe ba. Kuɗɗi hwa, naira za shi riƙa?

Yaya Bashir: Naira ba ta da aiki can. Dala, sabbin takardu marasa yagewa, ka raba gida biyu, rabi jakar wuya rabi aljihun ciki. Canji banki ko shagon sarrafa mai lasisi kaɗai, tun da sunka saki fam ɗinsu watan Maris 2024 farashin banki da na bayan fage sun zo kusan ɗaya, ba riba ga kasada kuma laihi na wurinsu. Sim da fasfo a ka saye, Vodafone ko Orange ko WE. Kada ka hau tasin da ka tare mutane bakin ƙofar hita, turo min ranar da lambar jirgin ta bayan fage, akwai yaron Gidan Igwai da ke shekara ta ukku, zan sa shi tarbe ka shi kai ka masauki

Mubarak: Allah shi saka da alheri Yaya, na gode Anti, na gode Likita, Malam a ci gaba da sa mu addu'a. Yanzu nid dawo daga shagon mai awon hatsi da akwatin, tikiti ya ce kilo 23 kowane, babban ya ba 31

Anti Hadiza: Innalillahi me ke ciki

Mubarak: Gero tiya biyu, wai na fura. Da turmi ƙarami

Usman Kara: Turmi!!! Inna ta gama da mu

Yaya Bashir: Hidda turmin da tiya guda, a niƙa ɗayar a yi gari da kayan yaji, yogot ɗinsu zabadi yana damuwa kamar nono. In ta ƙi ba ta waya in yi mata bayani da kaina

Mubarak: Ta ce ka kira bayan isha'i, amma maganar man shanu kada ma ka tayar