Ina son zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu: shin ya dace mahaifina ya sayar da gonarsa?

Ɗan Malumfashi:
Assalamu alaikum. Shekaruna 20, na kammala sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da Turanci, kuma tun ranar da na ga jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallon garinmu, ƙura ta turnuƙe har aka daina ganin raga, ban sake sha'awar wata sana'a ba. Mahaifina ya ce a shirye yake ya sayar da gonarsa ta fadama domin in yi wannan karatu, ni kuwa zuciyata ta kasa natsuwa, domin da ita ake ciyar da gidanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a yi maganar gona, ka je wurin likitan da hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ta amince da shi a yi maka gwajin lafiya na mataki na ɗaya. Za a duba zuciya da ji da gani, har da iya bambance launuka. Na san wani yaro da ya biya kuɗin zangon farko, sannan aka gano ba ya rarrabe ja da kore sosai, kuma kuɗin bai dawo ba.

Sai lissafi. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta lasisin tuƙin kasuwanci ita ce awa 150 a sama, ko awa 100 idan a makarantar da aka amince da tsarinta aka yi. A Amurka, awa ɗaya tare da malami a cikin Robinson R22, ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu, takan haura dala 300, wato awa 150 ta zarce dala 45,000 tun ba a sa kuɗin aji da jarrabawa da masauki da biza ba. Ka juya wannan zuwa naira, ka gwada da farashin fadamar.

Abin da ya fi damuna ma shi ne bayan an karɓi lasisin. Yawancin aikin a Najeriya na jigilar ma'aikatan mai ne daga Fatakwal da Warri da Legas zuwa rijiyoyin cikin teku, da manyan jirage masu inji biyu irin su Sikorsky S-76 da AW139. Wanda ya koya da R22 ba zai hau kujerarsu ba sai ya sami shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, da kuma shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin, kowace da kuɗinta mai nauyi. Idan gonar ta ƙare a kan lasisin farko, da me za a biya sauran?

Maman Hanifa:
Ina goyon bayan Baba Injiniya. Mu a Kano mun gani da idonmu: gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgin sama, suka dawo da lasisi, amma da yawansu suka daɗe ba aiki saboda rashin wannan shaida ta samfurin jirgi. Ƙanena, ka duba ko shekarunka ba su wuce na shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ba. Rundunar sojin sama ce ke biyan kuɗin horon matuƙanta. Ta wannan hanya marigayiya Tolulope Arotile ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Najeriya a 2019. Sai dai ka sani aikin soja ne, rundunar ce ke zaɓar wanda zai yi tuƙi, kuma fagen fama na cikinsa.

Abu Ammar:
Ka kuma riƙa bibiyar sanarwar kamfanonin jirage masu saukar ungulu irin su Bristow da Caverton, domin Bristow ta sha ɗaukar matasan Najeriya ta horar da su da kuɗinta, da sharaɗin su yi mata aiki bayan kammalawa. Akwai kuma makarantar koyon tuƙin irin waɗannan jirage a Inugu, ka rubuta musu su ba ka farashinsu na yanzu a rubuce.

Ɗan Malumfashi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina amsoshinku bayan sallar isha'i, kuma mun tsayar da cewa ba za a taɓa fadamar ba. Kuɗin albasar bana zai isa gwajin lafiyar, daga nan in cike takardar NDA da zarar an buɗe.