An yanke mini hukuncin biyan bashi, ina tsoron rasa gidan hayata

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, ina kuma da gida mai ɗaki shida da na zuba 'yan haya. Ubangidan da nake ɗaukar kaya a wajensa ya kai ni kotu, alƙali ya ce in biya. Ban musa ba, bashin gaskiya ne; 'yan sari ne suka riƙe mini kuɗi. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, don gidan nan kaɗai zan bar wa yara. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Mai shinkafa a Singa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka zauna, zaman ne ya cuce ni. Na ɗauka tunda an ɗaukaka ƙara shi ke nan, ashe ɗaukaka ƙara ba ya tsayar da aiwatar da hukunci, sai an nemi umarnin dakatarwa daban. Wata Talata da hantsi sai ga ma'aikatan kotu da ɗan sanda. Ɗaya na ƙirga buhu yana rubutawa, yaron shagona na tsaye da ledar ƙosai a hannu, ya kasa motsi, maƙwabta sun cika ƙofa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Abin da ya cece ni, ba a gwanjon kayan da aka kwashe sai bayan kwana 5, in ba masu saurin lalacewa ba ne. A cikin kwanakin nan dattawan kasuwa suka zaunar da mu aka yi sulhu. Akwai buhu 20 na wani da ya ba ni ajiya, su ma an haɗa da su. Sai da ya shigar da nasa ƙorafin da rasit kafin a sake masa.

Hajiya mai gidan haya: Ni ta banki aka biyo mini, abin da lauyoyi ke kira ganishi, wato kotu ta ba da umarnin riƙe kuɗinka da ke hannun wani don a biya mai binka. Na je cire kuɗin cefane, kati ya ƙi. Umarnin farko na wucin gadi ne, kuma dole a kawo maka takarda aƙalla kwana 14 kafin zaman da za a tabbatar da shi, to ka je wannan zaman. Sannan ka sani, kuɗin hayar da lokacinsa ya yi ba a biya ba, bashi ne kake bi, ana iya karɓar sa daga hannun ɗan haya. Nawa ɗan hayar a takardar kotu ya fara jin labarin, ya zo yana sunkuyar da kai. Ka gaya wa naka da bakinka.

Tsohon ɗan Dawanau: Batun gida, kwantar da hankalinka, ɗana. Sashe na 44 na dokar aiwatar da hukunci, wato Sheriffs and Civil Process Act, bai yarda a taɓa gida ba sai an nuna kayan da ake iya ɗauka ba su isa ba, kuma sai Babbar Kotu ta amince. Amma in ka ba da takardun gidan jingina, maganar ta sauya. Ni roƙon biya kaɗan-kaɗan na shigar, na kai littafin ciniki da lissafin haya, ban ɓoye ko kwabo ba. Na je gidan mai bina, na tuna masa aya ta 280 a Suratul Baƙara kan yi wa mai ƙunci jinkiri. Ya ce ya ji, amma jinkirin mai hali zalunci ne, kuma gaskiya ya faɗa. Na sayar da mota na ba shi rabi, sauran na biya cikin wata 14.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri, Baba. Takardun gidan suna hannuna, ban jinginar ba. Gobe bayan Asuba zan tara 'yan hayar, daga nan sai ofishin lauya da littafin shago.