Nutsar da Belgrano a 1982: yaƙi ne ko kisan gilla?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Ranar 2 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai aiki da nukiliya, HMS Conqueror, ya harba wa jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano topido (makamin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa) uku, biyu suka same shi. Mutum 323 suka mutu, kusan rabin duk waɗanda Ajantina ta rasa a yaƙin. Ni a ganina kisan gilla ne. Birtaniya da kanta ta shata da'irar mil 200 kewaye da tsibiran, ta ce wanda ya shiga ya kuka da kansa. Belgrano yana wajen da'irar, kuma ya juya ya nufi yamma. Wanda ya ba ka baya, me ya rage tsakaninku?

Yaya Nasiru: Wa alaikumus salam Malam. Akwai abin da ka tsallake. Tun ranar 23 ga Afrilu Birtaniya ta aika wa Ajantina saƙo ta ofishin jakadancin Suwizalan cewa duk jirgin da ta ga barazana ne ga rundunarta za ta kai masa hari, ko ina yake. Sojin ruwan Ajantina sun san da wannan.

Malam Habibu: To wace barazana ke ga tsohon jirgi irin wannan? Na Amurka ne fa a da, sunansa Phoenix, yana Pearl Harbor ranar da Japan ta kai hari a 1941. Sai a 1951 aka sayar wa Ajantina.

Baba Tsohon Soja: Habibu ɗana, tsufan bindiga ba ya hana ta kisa. Topidon da ya nutsar da shi ma, Mark 8, tsarinsa ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kwamandan Conqueror, Chris Wreford-Brown, shi ya zaɓa ya bar sabon samfurin da ke jirginsa. Ka tsaya a inda Admiral Sandy Woodward, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya a fagen, ya tsaya. Ta arewa ga jirgin dakon jiragen sama na Ajantina, Veinticinco de Mayo, ta kudu ga Belgrano da jiragen rakiya biyu, shi yana tsakiya da jiragen dakon jiragen sama biyu kacal, waɗanda in ya rasa ɗaya yaƙin ya kusa ƙarewa. Ga kuma Burdwood Bank, wuri marar zurfi, inda in Belgrano ya ratsa cikin dare Conqueror zai sha wuyar bin sa. Jirgi yana sauya alkibla cikin 'yan mintuna. Inda ya dosa da rana ba shi ne inda zai kwana ba.

Malama Binta: Baba, na ji bayanin soja, amma ni siyasar ce ke damuna. A daidai wannan lokaci shugaban Peru, Fernando Belaúnde Terry, yana ƙoƙarin sulhu, harin kuwa ya binne maganar. Kuma in gaskiya ce a hannun gwamnatin Birtaniya, me ya sa aka yi ta sauya bayani game da lokacin da aka fara ganin jirgin da inda ya nufa? Sai da ma'aikacin ma'aikatar tsaro Clive Ponting ya miƙa wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardu, aka gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 1985.

Yaya Nasiru: Ɓoye-ɓoyen kam an yi, ban musa ba. Amma Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya a lokacin, ta ce labarin shirin Peru bai iso Landan ba sai bayan harin.

Malama Binta: Ita ta ce. Mai laifi ba ya zama shaidar kansa, Yaya.

Baba Tsohon Soja: To ga shaidar da ba ta Landan ba. Kyaftin ɗin Belgrano, Héctor Bonzo, wanda ya ga yaransa suna mutuwa, ya faɗa daga baya cewa ba gida ya nufa ba, jiran umarni yake, kuma shirye yake ya harbi duk jirgin Birtaniya da ya gani. Bai kira abin laifin yaƙi ba. Bayan harin kuwa manyan jiragen yaƙin Ajantina suka koma bakin gaɓa, ba su ƙara fitowa fagen daga ba.

Malam Habibu: Maganar Bonzo ta yi mini nauyi, Baba, na janye kalmar kisan gilla. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Da yawa cikin mamatan samari ne masu aikin soja na tilas, wasu sanyi ne ya kashe su a kwale-kwalen ceto. Jaridar The Sun ta Birtaniya ta yi murna a shafin farko, Conqueror kuma ya koma sansaninsa na Faslane ɗauke da tutar ƙoƙon kai, alamar ya nutsar da jirgi. Kwana biyu bayan harin Ajantina ta harbi jirgin yaƙin Birtaniya HMS Sheffield, mutum 20 suka mutu.

Malama Binta: Kuma ba wanda ya amsa mini batun Peru. Ina jira.