Hoda na narkewa a fuska, ku taimaka min

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin kwalliya ku agaza min. Muna da teyatur ranar asabar nan Maradi, ƙanwata ce za ta fito aljanar hunturu, ana son fuskarta ta yi fari fat da ɗan shuɗi kamar ƙanƙara. Na sayo hoda a babbar kasuwa na shafa mata, sai ta koma kamar wadda ta faɗa cikin toka, shuɗin ma bai fito ba sam don baƙa ce. Na sa basilin ƙasa, minti 10 da kunna fitila gumi ya tsattsaga shi har wuya, ƙyalƙyalin kuma ya shige mata ido tana ta hawaye. Mi ake fara shafawa ne don ya zauna? Jika 3 kawai ya rage min wallahi.