Kalmar "miss" ta hana ni sakat a Turkanci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata 4 ke nan ina koyon Turkanci a Ankara, kuma ƙamus na Turanci da Turkanci nake dogara da shi. Kalmar Turanci "miss", wadda ke nufin kewa ko kuma abu ya kuɓuce wa mutum, ita ce ta tsaya mini a wuya.

Shekaranjiya na makara, malama ta tambaye ni dalili, na ce "otobüsü özledim". Aji ya ɓarke da dariya, ita kanta sai da ta dafe tebur. Ashe cewa na yi ina kewar motar bas! "Özlemek" na kewa ne, irin ta gida ko ta mahaifiya. In mota ta tafi ta bar ka, "kaçırdım" ake cewa. To, wannan ya zauna.

Inda na maƙale: "kaçırmak" ɗin nan kuma yana nufin sace mutum. In na je wurin abokina na tarar ya riga ya fita, zan iya cewa "arkadaşımı kaçırdım", ko za a ɗauka garkuwa na yi da shi? Sannan "ıskalamak", wato kasa samun abin da aka auna, iya harbi da bugun ƙwallo ya tsaya, ko har damar da ta kuɓuce wa mutum yana ɗauka?

Don Allah wanda ya daɗe a Turkiyya ya warware mini, da misalin jimla.